Kwabon da Keziah Ta Bari

Litinin, 5 ga Afrilu 1869, da yamma

Saura wata biyu a cika shekara biyu da babbar ambaliya, wadda ta hau kan rumbuna ta tafi min da aladu tara da ƙofar ɗaki. Wannan littafin na ruwa ne. A ciki nake rubuta inda kogi ya kai kowace shekara, da gonar wa ya ci, da inda iyaka take kafin ya ci. Ban taɓa zama a aji ba. Matata Keziah ce ta koya min baƙi da gawayi a jikin bango, ina da shekara arba'in. Wanda rubutun bai yi masa ba ya ajiye.

Ni ne Jabez Tolley. A bakin kogin Hawkesbury aka haife ni shekara saba'in da suka wuce, kuma ba gwamnati ce ta biya wa ubana kuɗin jirgi ba, ba fursuna ba ne. Kowa ya san wannan.

Yau ba maganar ruwa zan rubuta ba. Wani mutum ya sauka daga kwale-kwalen fito da hantsi, dogo, furfura fal, da falmaran mai sarƙar agogo. Ya tsaya a bakin shingena ya cire hula ya ce, "Sannu maigida. Nan ne gidan Keziah Hollis?"

Na ce, "Babu mai wannan suna a nan. Akwai matar Tolley."

Tana zuba shayi ta ɗago ta gan shi. Da ta saki butar da na fi jin daɗi. Ba ta saki ba. Ta cika kofina, ta ɗauko wani ta cika, ta ce, "Lemuel Brand. Ka tsufa."

Ya ce, "Ke ma ba a bar ki a baya ba."

Ya sauka a masaukin Honora, matar ɗan fito. Kafinta ne a jirgin ruwa, in ji shi, garinsu ɗaya da Keziah can Ingila. Kogi yana nan inda yake.

Talata, 6 ga Afrilu, da rana

Ta wanke kai yau. Ba Asabar ba ce.

Alhamis, 8 ga Afrilu, da yamma

Bari in rubuta yadda na same ta, don kada wani ya zo daga baya ya sauya labarin. Ina da shekara talatin da biyar, ina da gona, ba ni da mace. Na karɓi takarda wurin fasto na tafi gidan aikin mata fursunoni a Parramatta. Yadda ake yi, ana jero su a tsakar gida, namiji ya bi layi, wadda ta kwanta masa a rai ya yar da hankici a gabanta. In ta ɗauka, shi ke nan. In ba ta ɗauka ba, ka sunkuya ka ɗauki abinka kowa yana kallo.

Ita ce ta bakwai a layi, an yi mata aski, tana hararar kowa. Na yar. Ta daɗe tana kallon takalmina kafin ta ɗauka.

Shekara bakwai aka yanke mata kan sata. Abin da na sani ke nan. A kogin nan rabin tsofaffi jirgin gwamnati ne ya kawo su daga Ingila suna fursunoni, kuma ba a tambayar mutum me ya yi ko wa ya baro. Ka tambayi sunan jirgi in ka matsu, ka tsaya nan. Shekara talatin da biyar ban tambaya ba. Ba tsoro ba ne, tarbiyya ce.

Na je fito sayen taba. Honora ta leƙo ta taga ta ce, "Baba Jabez, baƙonku ya iya cin kabewa kuwa. Ya ce ta gidanka ta fi tawa daɗi."

Na ce, "Taki kabewa ce ko itacen wuta?"

Ta ce, "Ni dai da ni ce kai, da na rage yawo."

Na dawo gida ta gajeriyar hanya. Ba don maganarta ba.

Lahadi, 11 ga Afrilu, bayan coci

Ya zauna a bencin bayanmu. Da muka fito ya bi mu, ita a tsakiya. Harshensu ya koma wani iri, suna haɗiye rabin kalma, suna ambaton wata gada da wani mai gashin burodi gurgu da kare mai ido ɗaya. Ta yi dariya har ta dafa shinge.

Ni da na san sunan duk jirgin da ya kawo mutum kogin nan, na san wa aka binne a ƙarƙashin kowace bishiya, ban san an taɓa yin kare mai ido ɗaya a rayuwar matata ba.

Na ce, "A ambaliyar 1809 ma an yi wani kare."

Suka juyo suka saurare ni da ladabi, kamar yaro ya kawo karatu. Na fasa.

Da yamma tana fere kabewa tana waƙa. Ban san tana da waƙa ba.

Laraba, 14 ga Afrilu, da yamma

'Ya'yan marigayi Dunstan sun zo da maƙwabcinsu kan iyakar da ruwa ya share. Na kai su na taka wurin da kututturen yake kafin ambaliya, na ce a tona. Aka tona, ga shi. Babbansu ya ce, "Magana ta ƙare. Abin da Baba Jabez ya faɗa ko alƙali ba ya sake awo." Haka yake, sau huɗu ana kirana kotun Windsor shaida, ba a taɓa sa ni maimaita magana ba.

Na dawo da jin daɗi, na tarar da shi a kujerata. Kujerar da ke fuskantar kogi. Ya miƙe da sauri, amma ya riga ya ɗumama ta.

A jikin sarƙar agogonsa akwai wani tsohon kwabo babba, irin na da, an goge kan sarki an yi rubutu da tsinin ƙusa. Na san irinsu. Fursuna kafin a sa shi a jirgi yakan sa a yi masa ɗaya ya bar wa wanda ya fi so. Na ga mutane da yawa da suka ce sun bar irinsa a can. Ban taɓa ganin wanda ya biyo mai shi ba.

Na ce, "Mu gani." Ya miƙo, sarƙar tana jikinsa, sai da na sunkuya kamar mai gaisuwa. Na karanta a hankali, da baƙin da ita ta koya min.

K.H. ga L.B. 1833. Riƙe har in dawo.

Na ce, "Aikin ya yi kyau."

Keziah ta ce, "Tsoho, shayinka zai huce."

Har in dawo. Shekara ɗaya bayan wannan ta ɗauki hankicina. Wato da ta daɗe tana kallon takalmina, lissafi take yi.

Alhamis, 15 ga Afrilu, da safe

Ba kishi nake ba. Mutum mai shekara saba'in.

Asabar, 17 ga Afrilu, da rana

Ya gyara ƙofar rumbu ba wanda ya sa shi. Yanzu tana rufuwa ba ƙara. Na saba da ƙarar.

Talata, 20 ga Afrilu, da magariba

Karyar masara. Ya zo taimako, shi da mijin Honora da 'ya'yan Dunstan. Rana ta yi zafi kamar ba kaka ba. Ya cire falmaran ya rataye a shinge kusa da rijiya. Keziah ta kawo burodin toka da naman gishiri, ta yanka masa gefen da ya fi ƙonewa ba tare da ta tambaye shi ba. Ashe shi yake so. Ta tuna.

Da aka tashi ya sa falmaran ya shafa aljihu. Babu agogo, babu sarƙa, babu kwabo. Aka bi ciyawa, aka leƙa rijiya, aka zazzage buhuna. Ni ma na taya nema.

Ya ce, "Agogon ba komai. Ɗayan ne."

Ni yawancin ranar ina wajen rumbu. Kwabon an liƙe shi da sarƙar, ba ya ciruwa da hannu. Haka na lura tun ranar Laraba.

Laraba, 21 ga Afrilu, da yamma

Bai zo ba. Ba ta yi waƙa ba. Na ci abinci sosai.

Juma'a, 23 ga Afrilu, da yamma

Yau ma bai zo ba. Na zauna a kujerata har rana ta faɗi.

Littafin nan a gwangwanin shayi nake ajiye shi, a saman katakon rufi, tun da ambaliya ta koya min hankali. Tana share ɗaki ta tsaya ta ɗaga kai ta ce, "Gwangwaninka ya yi surutu ran Talata. Yanzu ya yi shiru."

Na ce, "Ɓera ne."

Ta ce, "Ɓera mai lissafin lokaci." Ta ci gaba da shara.

Lahadi, 25 ga Afrilu, bayan coci

Matar ƙaramin ɗan Dunstan ta ja jakarta ta maida ɗaya gefen da Keziah ta zauna. Na gani, Keziah ma ta gani. Shekara talatin tana karɓar haihuwa a kogin nan, har wannan yarinyar a hannunta ta faɗo.

A bakin fito na ji mijin Honora yana cewa, "Mace ɗaya ce ta je wajen rijiya ranar. Hannun da ya saba, ko ya tsufa ƙaiƙayi yake."

Na kama wuyan rigarsa. Na ce, "Maimaita."

Ya ce, "Haba Baba, ba da kai nake ba. Kai ai kowa ya san ka. Amma ka san inda ka ɗauko ta."

Honora ta raba mu. Ta ce ita dai abu ya ɓace wa baƙon masaukinta, ba za a ce gidanta ne ba, ta riga ta aika wa ɗan sanda. Baƙon bai so ba, amma ya sa hannu a takarda cewa an ɗauke.

Ban yi tunanin nan ba. Na rantse ban yi ba. Ban taɓa zaton wani zai kalli wajenta ba, na manta yadda mutanen nan suke ajiye abu a ciki shekara talatin suna gaishe ka.

Litinin, 26 ga Afrilu, da safe

Zan jefa a ciyawa kusa da rijiya a tsinta. An riga an bi ciyawar sau uku.

Laraba, 28 ga Afrilu, da yamma

Ɗan sanda ya zo da hantsi, yaro ne, na san kakansa. Lemuel yana biye da shi yana cewa a bar maganar. Yaron ya cire hula ya ce min, "Baba, ka yi haƙuri, aiki ne. Kayan Iya kawai zan duba, naka ba zan taɓa ba."

Ya buɗe akwatinta. Ya fito da rigunanta ɗaya ɗaya ya shimfiɗa a gado, da takardar 'yancinta, da 'yar hular jaririnmu da bai yi kwana arba'in ba. A can ƙasa akwai hankici a ninke. Na gane shi. Ban san tana da shi ba.

Ina tsaye a bakin ƙofa. Bakina yana nan tare da ni.

Ya gama bai samu komai ba, ya ɗaga kai yana duban rufi. Sai Keziah ta jawo kujera ta hau, ta sauko da gwangwanin, ta juya mana baya ta buɗe. Ta miƙa masa agogon da sarƙar da kwabon. Littafin ta tura a aljihun gaban rigarta.

Ta ce, "Ga shi. Ni na ɗauka. Kwabon nawa ne tun asali, agogon ne ya biyo shi."

Lemuel ya ce, "Na ba ta. Kyauta ce, na manta."

Yaron ya ce, "Ranar Lahadi ka sa hannu an sace, yau kyauta? Ka faɗa wa alƙali." Ya ce ta zo Windsor ran Litinin da ƙarfe goma. Don darajata ba zai tafi da ita yau ba.

Don darajata.

Da suka tafi ta ajiye littafin a kan tebur, ta maida kayanta akwati, ta ɗora ruwan shayi.

Alhamis, 29 ga Afrilu, da rana

Wanda aka taɓa yanke wa hukunci, in ya koma gaban alƙali ba a sassauta masa. Wata shida, in ji mijin Honora, ko shekara. Suna aske kai har yanzu.

Abin da ta tambaye ni kawai shi ne ko ta ƙara gishiri.

Juma'a, 30 ga Afrilu, da yamma

Ya same ni a gindin bishiyar turaren da nake sara alamar ruwa. Ya tsaya yana duban sarar ambaliya can sama da kansa, kamar abin da ya kawo shi ke nan.

Na ce, "In ita kake nema tana gida."

Ya ce, "Kai nake nema. Ka san abin da ta sata a can?"

Na ce, "A nan ba ma tambaya."

Ya ce, "Mayafin alharini ne, daga shagon da take aiki. Ba ita ta ɗauka ba, ni ne. Na so ta yafa ranar aurenmu. Aka gan shi a ɗakinta. Ina koyon sana'a a lokacin, in aka kama ni na rasa komai. Ta ce ita ce. Ina zaune a kotu, bencin baya, na ji an ce shekara bakwai, ban tashi ba." Ya goge baki da bayan hannu. "Ba ɗauke ta na zo yi ba, maigida. Matata ta rasu, 'ya'yana sun girma. Na zo in faɗa a gabanta da bakina, in maida mata kwabonta. Ta ƙi karɓa. Ta ce in riƙe, nauyina ne."

Na ce, "To?"

Ya ce, "Wadda ta ƙi karɓar abu a hannu ba za ta je ta zare shi a shinge ba. Ban san wa take rufa wa asiri ba wannan karon." Ya dube ni.

Ya kamata in ji kunya, kuma na ji. Amma bari in rubuta gaskiya tun da littafina ne: abin da ya fara zuwa min shi ne, ashe ta taɓa yi wa wani. Ta ƙetare teku wata huɗu a cikin ƙarfe saboda wannan dogon banza. Ko a nan ma shi ya riga ni.

Asabar, 1 ga Mayu, da safe

Ta wanke baƙar rigarta ta coci ta shanya. Ta nuna min inda irin kabewa yake, da yadda ake ba aladiya mai ciki abinci.

Lahadi, 2 ga Mayu, da yamma

Ba mu je coci ba. Tana guga a tebur, rigar, sannan hankicin. Na zauna na tashi na sake zama. Shekara talatin da biyar ban tambaya ba, sai na rasa ta inda ake farawa.

Na ce, "Kezi. Me ya sa?"

Ba ta ɗago ba. "Sunana ya saba da kaya. Naka bai taɓa ɗauka ba, karyewa zai yi. In suka ce Jabez Tolley ɓarawo ne, wa zai ƙara kiranka ka nuna iyaka? Me za ka zauna kana yi, kallona?"

Na ce, "Shi ma haka kika yi masa."

Ta ajiye dutsen guga. "Au, ya gaya maka. Lokacin shekarata sha tara, ban san wa nake yi wa ba. Kai na san ka ciki da waje, da taurin kanka da munsharinka, kuma na hau kujerar."

"Kin rubuta masa har ki dawo."

"Na rubuta. Na yi wata huɗu a ƙasan jirgi ina tuna fuskarsa a bencin baya. Kafin mu sauka na gama da shi."

"Kin daɗe kina kallon takalmina."

"Ɗaya an ɗaure da igiya, ɗaya da waya. Na ce wannan ba mai kula da shi, kuma bai iya ƙarya ba, ko takalmin aro bai nema ba."

Na ce, "Kin wanke kai ran Talata."

"Na so ya ga bai kashe ni ba."

"Kin yi waƙa."

Nan ta juyo. "Ya gaya min ƙanwata Tabitha tana raye, da jikoki shida, ta sa wa 'yarta sunana. Shekara talatin da shida ban san ko tana duniya ba. Kwana uku ina jira ka ce, Kezi, wane labari ya kawo? Kana can kana ƙirga yankan burodi."

Ban san tana da ƙanwa ba. Na faɗa mata haka.

Ta ce, "Ka san kakan kowa a kogin nan, tsoho." Ta ninke hankicin gida huɗu ta ɗora a kan rigar. "Shi ya yi shiru a kotu, kai ka yi shiru a bakin ƙofa. Ban san me ya sa nake tara maza masu shiru ba."

Ta fita ba aladu abinci.

Ta haɗa ni da shi a numfashi ɗaya. Wannan ne ba zan haɗiye ba. Kujerata na bar masa, ƙofar rumbu na bar masa, amma ba zan zauna benci ɗaya da Lemuel Brand ba. Shi ya yi shekara talatin da shida kafin ya buɗe baki. Ni kwana biyar ne, kuma sun yi yawa.

To ga shi da hannuna: ni Jabez Tolley na zare agogon daga falmaran ran Talata, ashirin ga Afrilu, lokacin da kowa yake cin burodi. Kwabon nake so in jefa a kogi. Na kai bakin ruwa na kasa, don rubutunta ne.

'Ya'yan Dunstan su nemi wani ya nuna musu kututture.

Gobe da sassafe zan sa baƙar kwat ɗina in ɗauki littafin nan, in riga ta zuwa fiton farko. Zan tsaya gaban alƙali in karanta masa shafin nan, in ya sa ni maimaitawa in maimaita. Hankicin zan ɗauke daga kan rigarta in tafi da shi. In sun bar ni na dawo, zan yar a gabanta a tsakar gida, in tsaya in ga abin da za ta yi. In ta ɗauka, sai ta zauna ta faɗa min sunayen jikokin nan shida, in rubuta.